Wace waƙa ce wannan? Wasan canko waƙa daga kiɗanta da abin da yake tonawa

Shayi na biyu yana kan gawayi, hira ta fara sanyi, sai ɗaya daga cikin ƴan fada ya ɗauko salularsa ya kife fuskarta a kan tabarma. Ya saki kiɗa na sakan uku, ya tsayar. Kafin ya ɗago kai mutum huɗu sun ɗaga murya lokaci guda, kowa da sunan mawaƙin da yake kira. Wanda ya riga kowa faɗin daidai ya ci maki. Wanda ya kuskure ya sha dariya, wani lokacin ma shi ne zai wanke kofuna.

Wasan ke nan gaba ɗayansa: a ji ɗan guntun kiɗa ko karin waƙa ba tare da baiti ba, a canko wace waƙa ce da wanda ya rera ta. Ba ya buƙatar fili, ba ya buƙatar kuɗi, kuma yaro da tsoho duk suna iya shiga. Waɗanda suka yi lakwal ko suka zauna Faransa da Beljiyam sun san shi da sunan da Faransawa suka aro daga Turanci, wato blind test. Sai dai wanda ya zauna ya kalli yadda ake yin sa tsakanin Hausawa zai ga ya wuce abin kashe lokaci. Yana nuna waƙoƙin da matasa suka riƙe, da waɗanda suka suɓuce musu ba su ankara ba.

Daga rediyon Amurka zuwa salula

A matsayin gasa mai alƙali da kyauta, wasan ya yi suna ne a Amurka. A shekarar 1952 wani shugaban makaɗa mai suna Harry Salter tare da matarsa Roberta suka ƙirƙiro shirin Name That Tune a gidan rediyon NBC, shekara guda bayan haka shirin ya koma talabijin. Makaɗa su fara kiɗa, ƴan takara biyu su sheƙa da gudu, wanda ya riga kaɗa ƙararrawa shi ke da bakin amsa. A 1957 wani matuƙin jirgin soja, John Glenn, ya shiga shirin tare da wani yaro, suka ci kyautar dalar Amurka dubu 25. Shekara biyar bayan nan Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a kumbo. Daga baya an ƙara wa shirin wani zagaye mai kama da cinikin kasuwa: wannan ya ce zai gane waƙar da sauti bakwai, wancan ya ce da biyar, a yi ta ragewa har ɗaya ya sallama ya ce wa abokin karawarsa ya faɗa a ji.

Ƙasashe da dama sun kwaikwayi shirin. Rasha ta fara nata a 1995. A Faransa tashar France 3 ta nuna Fa si la chanter daga 1994 zuwa 2000, sannan Thierry Ardisson ya ƙara wa blind test farin jini a shirinsa na Tout le monde en parle, inda ake saka wa manyan baƙi guntayen waƙoƙi suna rige-rigen amsawa. Indiyawa kuwa suna da nasu daɗaɗɗen wasan, antakshari, wanda a cikinsa kowane rukuni ke fara sabuwar waƙa da harafin da waƙar abokan hamayya ta ƙare da shi.

Zamanin salula ya dawo da wasan da sabuwar riga. A farkon 2022 wani wasan intanet mai suna Heardle ya bazu a duniya. Kullum waƙa ɗaya ake bayarwa. Mai wasa zai ji sakan ɗaya na farkonta, in ya kasa a ƙara masa, har sau shida, iyakarsa sakan 16. Kamfanin Spotify ya saye shi a watan Yuli na shekarar, ya kuma rufe shi a watan Mayun 2023. Shafin ya tafi, amma dabarar ta zauna, domin duk mai salula da ɗan lasifika zai iya shirya irinsa a tsakar gida.

Kunne ya riga baki

Abin da ke sa wasan daɗi shi ne yadda mutum kan gane waƙa tun bai tuna sunanta ba. Wani ƙaramin bincike da masana na jami'ar University College London suka fitar a 2019 ya auna motsin ƙwaƙwalwa da buɗewar ƙwayar ido a lokacin da ake saka wa mutane guntayen kiɗa da ba su kai sakan ɗaya ba. Sun gano cewa ƙwaƙwalwa tana bambance waƙar da ta sani da wadda ba ta sani ba cikin kashi ɗaya zuwa uku bisa goma na sakan. Nemo sunan ne ke ɗaukar lokaci. Shi ya sa a fada za a ga mutum ya miƙe tsaye yana karkaɗa yatsa, yana rantsuwa ya san waƙar, sunan yana bakinsa amma ya ƙi fita.

Akwai kuma wani gwaji da ya kamata duk mai shirya wasan ya sani. A 1990 wata ɗalibar digirin digirgir a jami'ar Stanford, Elizabeth Newton, ta raba mutane gida biyu. Na farko su zaɓi sananniyar waƙa su ƙwanƙwasa kiɗanta da yatsa a kan tebur, na biyu su saurara su canka. Kafin a fara, masu ƙwanƙwasawa sun yi hasashen za a gane rabin waƙoƙin. Da aka ƙwanƙwasa waƙa 120, uku kacal aka gane. Dalili shi ne mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar sarai a cikin kansa, da muryar mawaƙin da amshi da komai, shi kuwa mai sauraro ƙas-ƙas kawai yake ji. Malaman koyarwa da masu aikin jarida sukan kawo wannan gwaji misali: wanda ya san abu yakan manta yadda rashin saninsa yake, sai ya riƙa mamakin me ya sa ba a gane shi ba.

Abin da ƙwanƙwasa tebur ya rasa shi ne hawa da saukar sauti. Wani Bature ɗan Ingila, Denys Parsons, ya nuna muhimmancin wannan a littafin da ya wallafa a 1975, inda ya jera dubban waƙoƙi ta hanya mai sauƙi. Ba ya rubuta ainihin sautin, sai dai ya nuna ko sauti na gaba ya hau, ko ya sauka, ko ya tsaya inda yake. Da jerin alamomi goma sha wani abu ana iya ware waƙa ɗaya daga cikin dubbai.

Bahaushe ya daɗe da sanin take

Wannan hawa da sauka ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, domin harshen kansa da karin sauti yake tafiya. Kuka na hawaye da kuka ta miya harufansu ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su. Kan wannan ne aikin mai kalangu ya ginu. Idan ya matse tsarkiyar da hammata sauti ya hau, idan ya sassauta ya sauka, sai gangar ta bi sawun magana. Mutanen gari kuma su ji abin da take faɗa ba tare da an buɗe baki ba.

Take shi ne babban misali. Sarki yana da nasa, mahauta suna da nasu, haka maƙera da mafarauta da manoma a wurin gayya. A ƙofar fadar Damagaram ko ta Katsinar Maraɗi, wanda ya tashi a wurin yana iya gane wanda ake busa wa algaita ko kakaki tun bai hango shi ba. A filin kokowa ma haka abin yake. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, ƴan kallo sun saba da jin kiɗa ya sauya su san wane gwani ne zai fito. Ke nan abin da talabijin ya mayar gasa, a ƙasar Hausa ilimi ne na yau da kullum, wanda ake gane ɗan gari da baƙo da shi.

Ɓangaren canka ɗin ma yana da tushe. Yaran da suka taso da kacici-kacici a dandali sun san ƙa'idar: in ka kasa amsa sai ka ba da gari, mai tambaya ya karɓa in garin ya yi masa, sannan ya faɗi amsar. Ƙa'ida ce da ta dace da wasan waƙa ba tare da an sauya mata komai ba. Rukunin da ya kasa ya ba da Madawa ko Tasawa ko Birnin Ƙonni, a ƙarshen dare a ƙirga wanda ya fi tara garuruwa.

Kayan kiɗan kansu suna taimaka wa mai kunne. Kuntigi ya yi ƙara ɗaya, kowa ya san Ɗan Maraya Jos ne. Kalangu da amshi mai nauyi su tuna wa mutum Mamman Shata. Kotso ya kai hankali ga makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, gurmi ga Haruna Uji, kukuma ga Garba Supa da Hassan Wayam, kiɗan ƙwarya kuma ga Barmani Coge. Wahalar tana farawa ne idan aka ce a faɗi wace waƙa ce daga cikin tarin waƙoƙin mawaƙi ɗaya. A nan ake gane wanda ya saurara da gaske da wanda ya ji a mota kawai.

Kari ɗaya, amsa biyu

Babu abin da ke kawo gardama a wasan kamar waƙoƙin fina-finai. Fina-finan Indiya sun shiga gidajen silima na ƙasar Hausa tun shekaru da dama da suka wuce, kuma da fim ɗin Hausa na bidiyo ya bunƙasa a Kano a shekarun 1990, mawaƙa da yawa sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka ɗora musu baitocin Hausa da kiɗan fiyano. Masu bege ma sun yi haka a wasu waƙoƙinsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da masanin nan Brian Larkin duk sun yi rubutu a kan wannan aro.

Sakamakonsa a fada shi ne, idan aka rera kari da hanci ko aka yi shi da fito, uwa za ta iya kiran sunan fim ɗin Indiya da ta kalla tana budurwa, ɗiyarta kuma ta kira waƙar fim ɗin Hausa, kuma kowace tana da gaskiya. Masu shirya wasa da suka ƙware sukan yanke hukunci tun kafin a fara: ko dai a karɓi amsoshin biyu, ko a ba da ƙarin maki ga wanda ya kawo asalin.

Akwai irin wannan tarko a taken ƙasa. Daga 1961 Nijar tana amfani da La Nigérienne, har zuwa watan Yunin 2023 da aka maye gurbinsa da sabon take. Ɗan ƙasar da ya daɗe a waje zai gane tsohon tun daga sautin farko, sabon kuwa yana iya wuce shi. Yaron da ya shiga lakwal bayan sauyin shi kuma nasa akasin haka ne.

Salula ta sani, amma ba duka ba

Babban abokin gabar wasan yana cikin aljihun kowa. Manhajar Shazam ta fara aiki a Ingila a 2002, lokacin da mutum zai kira lamba 2580, ya kara salularsa kusa da lasifika, a aiko masa da sunan waƙar ta gajeren saƙo. Kamfanin Apple ya saye ta a 2018, kuma a 2024 ya sanar cewa an yi amfani da ita wajen gano waƙa fiye da sau biliyan 100. Yadda take aiki shi ne ta ɗauki wuraren da sauti ya fi ƙarfi a cikin ɗan guntun da ta ji, ta mayar da su wata alama mai kama da zanen yatsa, ta kwatanta da na miliyoyin waƙoƙin da ke rumbunta. Saboda ainihin faifan take nema, in mutum ya rera da bakinsa ba ta ganewa. Google ya toshe wannan giɓi a manhajarsa a watan Oktoban 2020, da ya ba da damar mutum ya rera da hanci ko ya yi fito na sakan 10 zuwa 15 a nemo masa waƙar.

Sai dai duk waɗannan manhajoji abin da aka zuba musu kawai suka sani. Waƙar da aka ɗauka a kaset a wani biki, aka kwafa daga kaset zuwa katin salula, daga nan zuwa WhatsApp, ba tare da wani kamfani ya yi mata rajista ba, sau da yawa manhaja ba ta da labarinta. Da yawan waƙoƙin gargajiya na Gobir da Adar da Arewa da Damagaram a wannan hali suke. Suna yawo a wayoyi da suna irin na lamba, ko kuma da sunan mawaƙin da ba shi ya yi su ba.

Labarin Mdou Moctar ya nuna yadda abin yake. Ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu a Sahel ta hanyar Bluetooth da katin salula. Wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, ya saka ta a tarin da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, bayan ya sha wahalar gano masu waƙoƙin da ke ciki. Yau Mdou Moctar yana kiɗa a manyan dandalin duniya. Shi an dace an gano shi. Mawaƙa da dama waƙarsu ta yi nisa, sunansu ya tsaya a hanya.

Yadda ake shirya shi ba tare da rigima ba

Waɗanda suka saba da wasan suna bin ƴan ƙa'idoji. Ana raba jama'a rukuni biyu ko uku, a gauraya manya da yara, maza da mata in taron na gida ne, don kada wani rukuni ya mallake zamani guda. Ana naɗa alƙali ɗaya wanda shi kaɗai ke riƙe da salula, sauran wayoyin a tara su wuri guda. Alƙali ya shirya waƙoƙinsa tun da rana, ashirin zuwa talatin sun isa dare ɗaya, ya tabbatar da sunan kowace da mai ita kafin a zauna, domin alƙalin da bai san amsa ba shi ke kunna wutar gardama.

Zagaye na farko a saki sakan uku na farkon waƙa, in an kasa a ƙara zuwa biyar, sannan goma, maki yana raguwa. Zagaye na biyu a ajiye salula, ɗan rukuni ya rera kari baki a rufe ko ya yi fito, ƴan uwansa su canka. Zagaye na uku, ga masu ƙarfin hali, a ƙwanƙwasa a bayan ƙwarya ko tire, tare da tuna abin da ya faru a Stanford. Ana iya ba da maki ɗaya ga sunan mawaƙi, ɗaya ga sunan waƙa, ɗaya ga abin kiɗa ko wanda aka yi wa waƙar.

Zaɓen waƙoƙi shi ne gishirin abin. Dare mai daɗi yakan haɗa tsofaffin makaɗa da na fim, a sa Fati Nijar da Sa'adu Bori, a sa Sogha da Tal National da Mamar Kassey, a sa Bombino, a sa rap na Yamai, don Bazabarme da Buzu da Bafillace da ke zaune a fadar kowa ya sami inda zai yi fice. Abu biyu ne masu hankali ke kaucewa: sa kuɗi, wanda ke mayar da wasa caca ya ɓata zumunci, da kuma waƙoƙin zambo ko na siyasa da za su iya taɓa wani da ke wurin.

Ga ƴan ci-rani, wasan ya fi tafiya da saƙon murya fiye da kiran bidiyo. A kiran kai tsaye sautin yakan isa Abijan kafin ya isa Tamanrasset ko Brussels, sai wanda intanet ɗinsa ya fi ƙarfi ya yi ta cinyewa. A zauren WhatsApp na dangi kuwa, alƙali ya tura guntun sauti, wanda amsarsa ta fara bayyana shi ya ci, kuma lokacin yana rubuce kowa na gani.

Abin da ake ragewa da shi

Duk wanda ya halarci irin wannan zama zai lura da abu guda. Waƙoƙin bara da na bana ba sa kai sakan biyu an canke su. Da an sako tsohon kiɗa sai wuri ya yi tsit, a juya ana kallon wanda ya fi kowa shekaru. Sunan Ɗan Gurmu na Tawa sananne ne saboda gasar kiɗa ta ƙasa da ke ɗauke da shi, haka na Alhaji Taya saboda cibiyar koyar da kiɗa da ke Yamai. Amma sanin suna daban, gane kiɗan mutum daban. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar da ya rasu a 2018, ya tafi har bakin tafkin Chadi ya koyi kaɗa biram, abin kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar, a hannun tsohon da ya rage yana kaɗa shi, don kada sautin ya ɓace. Matashin da zai gane wannan sauti a sakan uku ba shi da yawa.

A gidajen ƴan Nijar da ke waje abin ya fi fitowa fili. Yaron da aka haifa a Turai ko Amurka yana iya kasa haɗa jimla biyar da Hausa, amma ya gane karin waƙar da mahaifiyarsa ke sakawa tana girki. Wannan makin guda da ya ci wa rukuninsu yakan jawo tambaya: wane ne mawaƙin, me yake cewa, wa yake yi wa. Daga nan hira ta buɗe, a faɗa masa garin da aka fito da bikin da aka fara jin waƙar.

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Masu ita da yawa sun riga mu gidan gaskiya, abin da ya rage shi ne faifansu da kuma mutanen da suka san wane ne ya yi wace. Duk lokacin da aka kasa canka waƙa a fada, wani dattijo ya faɗi amsar, akwai ƙaramin aiki da alƙali zai iya yi kafin ya wuce zuwa ta gaba: ya buɗe fayil ɗin, ya goge lambar da ke kansa, ya rubuta sunan mawaƙin da na waƙar, sannan ya tura wa sauran.